Tara tsofaffin kayan tangaran da na shayi

Tara tsofaffin kayan tangaran da na shayi al'ada ce ta neman tsofaffin kofuna, farantai, butocin shayi da mazubin sukari da na madara a kantunan kayan tarihi da shagunan gwanjo, a saya a adana ko a ci gaba da amfani da su. Ta fi ƙarfi a Birtaniya, Amurka, Kanada da Ostareliya, inda gidaje da yawa suka gaji saitin tangaran daga iyaye da kakanni. A wurin masu harkar, abin da ya kai shekara 100 shi ne kayan tarihi, wanda kuma ya haura shekara 20 bai kai 100 ba ana ɗaukarsa tsohon yayi. Akasarin abin da ke kantuna yana cikin kashi na biyu, kuma ba shi da tsada. Abin da ke raba mai tarawa da mai saye kawai shi ne iya karanta kaya: sanin irin yumɓun, fahimtar tambarin da ke ƙarƙashi, da gano lahanin da ido ba ya saurin kamawa.

Asalin sunaye

Turawan Ingila suna kiran tangaran da sunan ƙasar da ya fito, wato Sin. Ɗaya sunan da yawancin harsunan Turai ke amfani da shi ya samo asali ne daga kalmar Italiyanci "porcellana", wadda ke nufin wuri, saboda santsi da ƙyallin tangaran sun yi kama da bayan wuri, irin wanda aka taɓa yin ciniki da shi a ƙasar Hausa. Kalmar "shayi" kuwa Hausa ta aro ta daga Larabci, kuma tushenta na can baya kalmar Sinanci ce, "cha".

Tarihi

A ƙasar Sin aka fara yin tangaran, kuma birnin Jingdezhen ya shafe ƙarnoni yana zama cibiyarsa. Sirrin shi ne haɗa farin yumɓu mai suna kawolin da wani garin dutse, a gasa a tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,300. Turawa sun daɗe suna saye da tsada ba su san yadda ake yi ba, sai a 1708 da Johann Friedrich Böttger da Ehrenfried Walther von Tschirnhaus suka gano hanyar a Jamus. A 1710 aka buɗe masana'antar Meissen.

Ingila ta bi wata hanya dabam. A shekarun 1790 kamfanin Josiah Spode ya daidaita haɗin da ake kira tangaran ɗin ƙashi: kusan rabinsa tokar ƙashin shanu, sauran kuma kawolin da garin dutse. Yana da fari, ba nauyi, kuma ya fi ƙarfin yadda kamanninsa ke nunawa. Wannan ya zo daidai da lokacin da shayi ya sauko daga fada zuwa gidajen talakawa, domin dokar 1784 ta rage harajinsa daga kashi 119 cikin ɗari zuwa 12.5. Yankin Stoke-on-Trent ya cika da masana'antu irin su Wedgwood, wadda aka kafa a 1759, da Minton a 1793. A wajajen 1840 shan shayin la'asar ya zama yayi a gidajen masu hali, saitin shayi kuma ya zama kyautar aure da aka saba da ita. Irin waɗannan kyaututtukan, waɗanda da yawansu sun ƙare rayuwarsu a kabad ba a taɓa shan komai da su ba, su ne suka cika shagunan gwanjo a yau.

Abin da ake tarawa

Masu tarawa ba kai ɗaya suke ba. Wani kamfani guda yake bi, wani zane guda, wani kuma butoci kaɗai. A Birtaniya an fi son haɗin uku: kofi, farantin da ake ɗora shi, da farantin kek. Daga cikin zanen da aka fi cin karo da su akwai Willow mai shuɗi da fari, wanda Ingilawa suka ƙirƙira a ƙarshen ƙarni na 18 suna kwaikwayon zanen Sin, da Blue Italian na Spode da ya fito a 1816, da Old Country Roses na Royal Albert da ya fito a 1962 aka kuma sayar da fiye da guda miliyan 100.

Karanta tambari

Abu na farko da gogaggen mai tarawa ke yi shi ne kifa kofi ya duba gindinsa. Tambarin da ke wurin yakan faɗi kamfani, wani lokaci har da sunan zane da lambarsa, amma babban amfaninsa shi ne taimakawa wajen ƙiyasta shekaru.

A 1890 Amurka ta yi dokar harajin McKinley, wadda ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan duk kayan da za a shigo da su. Saboda haka kofin da ke ɗauke da kalmar "England" galibi bai girmi 1891 ba, mai "Made in England" kuwa na ƙarni na 20 ne. Haka ma idan an rubuta "Bone China" a tambarin. Kayan Japan sun fi sauƙin sanya wa lokaci: daga 1891 zuwa 1921 ana rubuta "Nippon", daga nan hukumomin Amurka suka ce sai dai "Japan". Rubutun "Made in Occupied Japan" na 'yan shekarun da sojojin ƙawance suka riƙe ƙasar ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma ƙare a 1952. A Birtaniya, zanen da aka yi wa rajista tsakanin 1842 da 1883 yana da alama mai kusurwa huɗu da haruffan da ke nuna rana, wata da shekara. Daga 1884 aka koma amfani da lamba. Sai dai ranar rajistar zane ce, ba ranar da aka gasa kofin ba, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskure.

Tambari shaida ce, amma ana yi masa ƙarya. Takubba biyu masu giciye na Meissen, waɗanda aka fara sawa a shekarun 1720, suna cikin alamomin da aka fi kwaikwaya a duniya. A kayan Sin kuma, rubuta sunan sarkin da ya daɗe da rasuwa a gindin kwano tsohuwar al'ada ce, sau da yawa don girmama aikin magabata, don haka sunan daular Ming a ƙarƙashin kwano ba ya nufin a zamaninta aka yi shi. Rashin tambari ma ba hujja ba ce, domin da yawa daga kayan Ingila na ƙarni na 18 ba su da ko ɗigo. Shi ya sa ake haɗa tambari da siffa. Kofin shayi na farko-farko a Turai, alal misali, ba shi da mariƙi, kamar na Sinawa.

Duba lafiyar kaya

Ana ɗaga kofi a gaban haske: tangaran na gaske yakan nuna inuwar yatsu ta cikinsa, kwanon yumɓu na yau da kullum ba ya nunawa. Ana kuma ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Mai lafiya yana ƙara kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyar tsaga kuwa sautinsa a dakushe yake. Yatsa ya fi ido gano inda baki ya ɓantare ko inda aka like mariƙi da gam. A buta, murfi da bakin zubawa ne suka fi lalacewa, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar murfin na wata butar ne aka ɗora. Tsaga ɗaya tak tana iya zubar da mafi yawan darajar kofi.

Kasuwa da farashi

A Birtaniya ana samun kayan a shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, da kasuwanni irin ta titin Portobello a Landan. A Amurka akwai shagunan Goodwill da gwanjon ƙofar gida. Shirin talabijin na BBC mai suna Antiques Roadshow, wanda aka fara a 1979, ya sa mutane da yawa zaton akwai dukiya a kabad ɗin kaka. Wani lokaci akan dace. A 2021 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da wani ƙaramin kwano na zamanin Ming a kan sama da dala 700,000, alhali dala 35 aka saye shi a gwanjon ƙofar gida a jihar Connecticut.

Irin wannan ba ya yawan faruwa. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, sai an haɗa da ƙarancin kaya, lafiyarsa da yawan masu nema. Zanen da aka buga miliyoyinsa ba zai taɓa yin wuyar samu ba. Ga shi kuma matasa ba su cika son gadon saitin da ba ya shiga injin wanke-wanke ba, sai kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi. Su kansu masana'antun sun ji jiki: Royal Doulton ta rufe masana'antarta ta Burslem a 2005 ta mayar da aiki Indunusiya, Spode da Royal Worcester suka durƙushe a 2008, rukunin Waterford Wedgwood ya bi su a farkon 2009. Saboda haka wasu masu tarawa kan fifita kofin da aka yi a Ingila a kan sabon da ke da suna da zane iri ɗaya.

Amfani da kulawa

Da hannu ake wanke tsohon tangaran, da ruwan ɗumi, ba a goga shi da soson ƙarfe. Mai ruwan zinare a baki ba ya shiga na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, domin yana tartsatsi. Babban abin lura shi ne gubar dalma. An daɗe ana sa dalma a fenti da shafen ƙyalli, kuma sai a 1971 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara ƙayyade yawan wadda kwano zai iya saki. Haɗarin ya fi yawa a kayan da aka yi wa zane a saman ƙyalli, ko waɗanda ƙyallinsu ya tsattsage, musamman idan an zuba abu mai tsami kamar lemo. Irin waɗannan sun fi dacewa da ado, kuma ba a ba yara abinci a cikinsu.

Kwatanci da ƙasar Hausa

Jera kwanuka don ado ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Jeren ɗakin amarya ya taso daga ƙorai zuwa tasoshi, zuwa kwalla, langa da fanteka, sannan tangaran a cikin kabad mai gilashi. Bambancin shi ne a kayan ɗaki sabo ake so, saiti cikakke, wanda ke nuna ƙoƙarin iyayen amarya, kuma idan yayi ya wuce akan sayar da tsofaffin ko a ba da su. Mai tarawa a Turai kuwa yakan ɗauki kofi ɗaya tilo wanda sauran 'yan saitinsa suka daɗe da fashewa, in dai tambarinsa da zanensa sun yi masa.