Tsohuwar Kyamarar Majigi: Kowace da Irin Fim Ɗinta

Dattawan Jangeru da Shinkafi ba su manta zamanin majigi ba, lokacin da motar gwamnati kan tsaya a ƙofar fada da almuru, a kafa farin ƙyalle, gari ya taru. A ƙarshen wannan zamani ne waɗansu alhazai da fatake suka riƙa dawowa gida da 'yar ƙaramar kyamara mai ɗaukar hoto mai motsi. Da bidiyo ya shigo sai aka jefa ta cikin adaka. Yanzu jikoki kan tono ta, su yi sha'awar ɗaukar hawan salla ko naɗin sarauta da ita, amma sai maganar fim ta tsayar da su.

Dalili kuwa shi ne, fim mai faɗin milimita 8 iri uku ne, kuma babu wanda yake shiga gurbin ɗan'uwansa. Saboda haka kafin mutum ya fitar da ko kwabo, sai ya buɗe murfin kyamarar ya duba cikinta.

In ya tarar da 'yan sanduna biyu na ɗora faifai, to wannan ita ce tsohuwar samfur da kamfanin Kodak na Amurka ya fito da ita a 1932, wadda galibi wana ta ake yi kamar agogo. Fim ɗinta ƙafa 25 ne, faɗinsa milimita 16. Akan ɗauki hoto a gefe guda, a juya faifan a ɗauki ɗaya gefen, sa'an nan masu wanki su tsaga shi biyu. Kamfanin Foma na ƙasar Cak yana yin irinsa, baƙi da fari.

In kuwa ɗaki ne mai kusurwa huɗu, to Super 8 ce ta 1965, wadda fim ɗinta yake zuwa a rufe cikin ɗan baƙin akwatin roba. Mai irin wannan ya yi sa'a, domin Kodak bai daina yin fim ɗinta ba. Wanda ya gaji Single-8 ta kamfanin Fuji na Japan shi ne abin tausayi, gama Fuji ya daina sayar da nata tun 2012.

Ko an dace da akwatin, da sauran rina a kaba. A gefensa akwai ɗan giɓi wanda yake shaida wa kyamara yawan hasken da fim ɗin yake bukata. Yawancin masu araha lamba biyu kaɗai suka sani, watau 40 da 160, domin an ƙera su ne saboda Kodachrome da ire-irensa, shi kuwa Kodachrome an rufe babinsa a 2009. In aka sa musu mai lamba 500, wanda aka yi don dare, aka fita da shi tsakar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, hasken zai yi masa yawa, fararen riguna da rawuna su narke su zama abu guda. Ranar Zamfara ba ta bukatar fiye da 50D ko 100D.

Har ila yau akwai bambanci tsakanin waɗannan biyu. Ektachrome 100D, wanda ya dawo kasuwa a 2018, da an wanke shi sai a haska a bango. Shi kuwa 50D launinsa a juye yake fitowa, dole sai an kwafe shi zuwa kwamfuta kafin a kalla.

Akwati guda ƙafa 50 ne, bai wuce minti uku da daƙiƙa ashirin ba, ba murya, ba kuma a gogewa a sake. Wankinsa ma ba aikin mai hoton bakin tasha ba ne. Akan aika shi Turai ko Amurka. Kafin nan, zafin bazara yana ɓata launinsa, ƙurar hunturu tana kankare shi, don haka akan ajiye shi cikin firiji, ko a ƙulle cikin leda a gindin randa.