Awon Matsi da Manomita da Ma'aunansa

1.0 Gabatarwa

Matsi shi ne ƙarfin da iska ko ruwa ko jini ke danna wani abu da shi. Ba a ganinsa da ido, amma ana iya auna shi. Wannan takarda za ta yi bayanin na'urar da ake kira manomita, da kuma ma'aunan da ɗalibi zai ci karo da su a birnin Tamale, ko a asibiti ko a bakin titi.

2.0 Yadda manomita ke aiki

Mafi sauƙin manomita bututun gilashi ne da aka lanƙwasa kamar harafin U, aka zuba masa ruwa ko zaiba har rabi. Idan bakunan biyu a buɗe suke, ruwan zai tsaya daidai wa daida a ɓangarorin biyu, kamar yadda magina ke gani a tiyon da suke daidaita gini da shi. Idan kuwa aka haɗa baki ɗaya da iskar da ake son aunawa, sai ta danna ruwan ƙasa ta wannan gefe, ya hau ta ɗaya gefen. Bambancin tsayin nan shi ne awon matsin.

An fi amfani da zaiba saboda ta fi ruwa nauyi sau 13.6. Matsin da zai ɗaga zaiba milimita 120 zai ɗaga ruwa fiye da mita ɗaya da rabi, wato sai an nemi dogon bututu ke nan.

3.0 Ma'aunai

Na farko shi ne milimitar zaiba, wadda ake rubutawa mmHg. Asalinta gwajin da Torricelli ya yi ne a Italiya a 1643, inda ya nuna cewa iskar da ke kewaye da mu tana riƙe zaiba kimanin milimita 760. Da wannan ma'auni ake awon jini a Asibitin Koyarwa na Tamale da sauran asibitoci. Idan an ce 120/80, lambar farko matsi ne sa'ad da zuciya ta buga, ta biyu kuma sa'ad da ta saki. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda awonsa ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban yana da hawan jini.

Na biyu shi ne faskal, ma'aunin masana kimiyya, wanda ya shiga tsarin awo na duniya a 1971. Milimitar zaiba 760 daidai take da faskal 101,325.

Na uku da na huɗu su ne bar da psi, waɗanda ake gani a gejin mai faci. Bar ɗaya faskal 100,000 ne, ko kimanin psi 14.5. Tayar da aka yi wa iska psi 30 tana da bar 2 da ɗan ɗoriya.

4.0 Kammalawa

Saboda zaiba guba ce, yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta tanadi a daina ƙera irin waɗannan na'urori masu zaiba. Sai dai ma'aunin bai tafi da su ba, domin na'urorin lantarki ma da mmHg suke ba da sakamako. Don haka wajibi ne mai fassara ya riƙa kawo lamba tare da ma'auninta. Bar 2 da psi 2 ba ɗaya ba ne, kuma kuskure a nan yana iya jawo asarar taya ko ta rai.