Tsautsayi ko Sakaci: Musabbaban Raunin Yara da Yadda Hausa ke Bayyana Su

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da rahoto a kan raunukan da yara kan samu ba da gangan ba. Rahoton ya ƙiyasta cewa a wancan lokaci kimanin yara 830,000 'yan ƙasa da shekara 18 ne ke rasa rayukansu kowace shekara ta wannan hanya, kuma mafi yawansu a ƙasashe matalauta da masu tasowa suke. Hanyoyi biyar ne suka fi kisa: haɗarin mota, nitsewa a ruwa, ƙuna, faɗuwa da shan guba. Manufar wannan maƙala ita ce ta fito da abubuwan da ke kusantar da yaro ga irin waɗannan raunuka a ƙasar Hausa, sannan ta nuna cewa kalmomin da Bahaushe ke bayyana su da su suna da hannu wajen ɓoye musabbabinsu.

2.0 Kalmomin Bahaushe

Idan yaro ya ji rauni, Bahaushe kan zaɓi ɗaya daga kalmomi huɗu. "Haɗari", wadda aka aro daga Larabci, tana nufin abin tsoro da ke tafe, tana kuma nufin abin da ya riga ya auku. "Tsautsayi" kuwa ɓarna ce da ta faɗo ba zato, wadda ba a ɗora alhakinta a kan kowa. Shi ya sa ake cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. "Sakaci" da "ganganci" su ne ke nuni da mai laifi, don haka ba kasafai ake furta su a gidan da ake jinya ko makoki ba.

Nahawun harshen ma yana bayar da wannan dama. Akan ce "yaro ya ƙone", "ƙafarsa ta karye", "ruwan zafi ya zube". A nan an yi amfani da aikatau ƙi-karɓau, wanda abin ya shafa ya hau gurbin aikau, wanda ya ajiye tukunyar a bakin hanya kuwa bai fito cikin jimlar ba. Ba Hausa kaɗai ke da wannan matsala ba. A 2001, mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ ta hana marubutanta amfani da kalmar Ingilishi mai ma'anar tsautsayi, bisa hujjar cewa mafi yawan raunuka ana iya hangen su, ana kuma iya hana su.

3.0 Musabbaban Rauni

Tun a ƙarshen shekarun 1960, wani likita ɗan Amurka, William Haddon, ya nuna cewa rauni kan auku ne idan abubuwa uku suka haɗu: wanda zai ji raunin, abin da zai ji masa, da muhallin da suka gamu. Da wannan ma'auni za a duba lamarin.

3.1 Yaron Kansa

Shekaru su ne na farko. Yaro mai rarrafe ko tatata duk abin da ya samu baki yake kai shi, kuma bai san wuta ba sai ya taɓa. Kansa ya fi sauran jikinsa nauyi in an kwatanta da na babba, saboda haka in ya leƙa bokiti ko randa yakan kifa ta ka, ya kasa ɗagowa, ruwa kaɗan ya halaka shi. Wannan na cikin dalilan da nitsewa ta fi yawa tsakanin shekara 1 zuwa 4. Fatarsa ba ta kai ta babba kauri ba, don haka kunun da zai yi wa babba ɗan bororo, shi kan yi masa ƙuna mai zurfi. Ko da ya kai shekara bakwai ko takwas, bai iya auna gudun mota da nisanta ba, ga shi gajere, direba ba ya hango shi da wuri. Jinsi ma yana da tasiri: maza sun fi mata jin rauni a titi, a kan bishiya da cikin ruwa, amma ƙunar wuta ta fi samun 'yan mata, domin su ake turawa madafa.

3.2 Abubuwan da ke Ji wa Yaro

Murhu a ƙasa yake, daidai tsayin mai rarrafe, kuma a tsakar gidan da yara ke wasa. Kaskon suyar ƙosai da awara, garwashin da aka rufe da toka, aci-bal-bal da risho duk suna kusa da hannun yaro. Akwai kuma al'adar zuba kananzir ko fetur ko maganin ƙwari a kwalbar lemo ko robar ruwa. Yaro mai jin ƙishi ba ya bambancewa. Abin da ya ƙara muni shi ne ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, alhali aman ne ke sa kananzir ya sarƙe shi ya shiga huhu.

3.3 Muhalli da Yanayi

Rijiya marar murfi, kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini, da lambatu a buɗe kan cika da damina, su zama tarko. Da hunturu kuwa ƙuna ke yawaita, saboda jin ɗumi da shigar da kaskon wuta ɗaki. Sana'ar da ake yi cikin gida ma muhalli ce. A 2010, aƙalla yara 400 suka mutu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya masu gubar dalma a tsakar gida, ƙurar ta game ƙasar da yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

3.4 Talauci da Kulawa

Talauci ne ke ɗaure duk waɗannan wuri guda. Shi ke cunkushe iyali da girki a ɗaki ɗaya, shi ke tura yarinya talla tasha da bakin titi, shi ke sa almajiri kwana a kango. Uwar da ke daka da ɗiban ruwa da sana'a takan bar goyonta hannun 'yar shekara shida, wadda ita ma tana bukatar mai kula da ita. Nisan asibiti da rashin kuɗin magani kuma kan mayar da ƙaramin rauni nakasa, musamman idan an shafa wa ƙuna ƙwai, gishiri ko baƙin mai maimakon a kwarara mata ruwa mai sanyi, ko an matse karaya da ɗori har jini ya daina gudana.

4.0 Aikin da ke Gaban Masana Harshe

Saƙon kiwon lafiya ta bakin mai fassara da ɗan jarida yake isa ga jama'a. Idan aka fassara komai da "tsautsayi", an rufe ƙofar tambayar dalili. Idan kuma aka ce "sakaci", an ɗora wa uwa laifin da rabinsa na talauci ne da na hukuma, sai ta toshe kunne. Abin da ya fi dacewa shi ne a gina jimlar da za ta fito da musabbabin ba tare da zargi ba, kamar a ce "rijiya marar murfi ta ci yaro" maimakon "yaro ya faɗa rijiya". Jimla ta farko ta nuna abin gyara, ta biyu ta bar yaron da laifinsa. Haka nan ya kamata masu nazarin Yarabanci da Ibo da sauran harsunan Nijeriya su duba yadda nasu harsunan ke rarraba alhaki.

5.0 Kammalawa

An ga cewa raunin yara yana bin shekaru, jinsi, kayan gida, yanayi da ƙarfin aljihun iyaye, wato yana da tsari, kuma abin da ke da tsari ana iya tare shi. Yarda da ƙaddara ba ta hana a rufe rijiya, a kewaye murhu, a rataye kwalbar kananzir inda hannun yaro ba ya kaiwa. Harshen da ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa shi ne kuma ya ce rigakafi ya fi magani, kuma wannan karin na biyu ne ya kamata marubuta da malamai su riƙa sanya wa jama'a a baki.