Wa Ke Da Waƙar Da Ke Buɗe Shirinka?

Shirye-shiryen sauti da ake ɗorawa a intanet, waɗanda ake kira fodkas, sun yawaita a harshen Hausa. Da wuya ka saurari ɗaya ba ka ji an buɗe shi da kalangun Mamman Shata, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko wata gangar noma da aka naɗo da waya a wurin gayya ba. In ka tambayi mai shirin wa ya ba shi izini, sai ya ce ai waƙar gargajiya ce. A ganina wannan kalma ta "gargajiya" ita ce mayafin da muke rufe haƙƙin mutane da shi, domin tana mai da abin da wani ya wahala ya tsara tamkar ruwan rafi wanda kowa ke kamfata.

Mu dubi ƙauyukan arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Dambatta, daga Bichi zuwa Kunchi, inda gona ke manne da gona. A can makaɗin noma sana'a yake yi, kuma tsarin biyansa sananne ne. Idan ya kambama manomi a gayya, nan take ake yi masa kyauta, da kaka kuma a kai masa damin gero ko na dawa. Ladansa yana tafiya ne tare da wurin da ya yi kiɗan. Amma da zarar an naɗi muryarsa an ɗora a YouTube ko Spotify, waƙar ta rabu da mai ita. Dubban mutane za su saurara, talla za ta shigo, shi kuwa yana ƙauye bai san ana yi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Alhali kuwa doka ba ta yi shiru ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bai wa mai fasaha ikon hana a ɗora aikinsa a intanet ba da yardarsa ba, ta kuma buɗe hanyar neman a sauke shi. A kowane faifai akwai haƙƙi iri biyu. Na farko na wanda ya tsara waƙar da kiɗanta ne, yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, kuma ana gadonsa kamar sauran dukiya. Shata ya rasu a 1999, saboda haka waƙoƙinsa na hannun magada har ƙarshen 2069; na Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, sai 2085. Na biyu haƙƙin naɗin sautin ne, mai shekara 50, wanda galibi ke hannun kamfani ko gidan rediyon da ya ɗauka. Mai fodkas na bukatar izinin duka biyun. Zancen da ake yaɗawa cewa daƙiƙa 30 halal ce kuwa ba shi da tushe. Abin da doka ta sassauta shi ne ɗan tsakure domin sharhi ko nazari, tare da ambaton mai shi, ba mai da waƙar wani taken shiri ba.

Hatta waƙar da ba a san mafarinta ba, kamar ta daɓe ko ta niƙa, tana da mai tsaro. Doka ta ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya alhakin ba da izini idan za a yi kasuwanci da ita, kuma wajibi ne a faɗi al'ummar da aka samo ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen karɓar kuɗin. Ƙungiyoyin da ke tara wa mawaƙa ladan aikinsu, irin su COSON da aka amince da ita a 2010 aka dakatar da lasisinta a 2018, da MCSN da ta sami amincewa a 2017, mazauninsu Legas ne, kuma suna rabawa ne ga wanda ya yi rajista. Makaɗin da ke bayan Tsanyawa ba ya cikin kundin kowa.

Don haka nauyin yana wuyanmu, mu 'yan boko masu shirya waɗannan shirye-shirye. Kafin a naɗa, a nemi yardar makaɗi, a rubuta yarjejeniya cikin Hausa gaban shaidu, a fayyace kuɗi da tsawon lokaci, a kuma ambaci sunansa da garinsa a cikin shirin. In ya rasu, a nemi magadansa. Hukuma kuma ta sauko kasuwannin ƙauye ta yi wa makaɗa rajista da harshen da suke ji.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ci riba da muryar makaɗi, bashi ne a kansa har sai ya biya. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙi.