Katsewa Cikin Katsewa: Yadda Ƙananan Na'urori Ke Fifita Wani Aiki a Kan Wani

A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na ƙasar Gobir, inda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, ana samun rijiyoyin burtsatse masu jawo ruwa da hasken rana. Tsakanin faifan da ke karɓar rana da famfon da ke cikin rijiya akwai wani akwati, a cikinsa kuwa akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki wadda ba ta fi farcen babban yatsa faɗi ba. Ita ce ke daidaita gudun inji, ta auna ƙarfin wuta, ta kuma rubuta lambobi a allon akwatin. Sai dai taura biyu ba ta taunuwa: umarni ɗaya take bi a lokaci guda. A na'urori da yawa irin wannan, akwai wata ƙaramar manhaja mai raba wa ayyuka lokaci, wadda aka gina domin kada aiki ya wuce wa'adinsa.

Ma'anar Katsewa

Katsewa ita ce saƙon gaggawa da wani sashe na na'ura ke aika wa ƙwaƙwalwa, wato ya katse mata hanzari. Da saƙon ya iso sai ta dakata, ta adana bayanin inda ta tsaya, ta biya buƙatar mai kira, sannan ta koma bakin aikinta.

Idan kuma tana cikin biyan wannan buƙata wani saƙon ya sake shigowa fa? Alal misali, ƙwaƙwalwa tana rubutu a allo, sai ma'aunin ruwa ya sanar da cewa rijiya ta ja baya, famfo na shirin juyawa a bushe. Ta bar allo ta koma kansa. Ba ta gama ba, sai ga sanarwar cewa wayoyi sun haɗu, wuta ta yi yawa. Famfo zai iya jure ɗan jinkiri, amma wutar da ta wuce kima tana ƙona kayan akwati tun kafin ƙiftawar ido. A nan ne ake barin katsewa ta biyu ta katse ta farko. Sharaɗin shi ne ta fi ta daraja. Wadda take daidai da ita ko ƙasa da ita, jira za ta yi.

Komawa kuwa a juye take. Bayanan da aka adana ana ɗora su ne bisa juna kamar jeren kwanoni a ɗakin amarya, na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon saukewa. Ke nan za a gama da wuta, a koma ga ma'aunin ruwa, allo ya zo a ƙarshe. A ƙwaƙwalwa samfurin Cortex-M3, wadda kamfanin ARM na Ingila ya fitar a 2004, ana adana guraben bayani 8 a kowace katsewa, kuma shiga cikinta kan ci bugu 12 na agogon na'ura. Ga mai bugawa sau miliyan 72 a daƙiƙa, wannan bai kai kashi ɗaya cikin miliyan biyar na daƙiƙa ba.

Matsalolin Tsarin

Wurin ajiyar bayanan ƙayyadadde ne. Duk hawa ɗaya da aka ƙara yana cin wuri, idan jeren ya cika ya tumbatsa sai ya taka wasu bayanai, na'ura ta rikice. Wadda ta fi wannan wuyar ganewa ita ce matsalar tarayya: ƙaramar katsewa ta rubuta rabin wata lamba, babba ta shigo ta karanta ta a haka, ta yanke hukunci bisa ƙarya. Irin wannan kuskure yakan ɓuya watanni, domin sai saƙonnin biyu sun yi kiciɓis yake bayyana. Maganinsa shi ne a toshe katsewa na ɗan lokaci yayin rubutun, amma idan toshewar ta daɗe, an koma gidan jiya, saƙon wuta zai tarar da ƙofa a rufe. Saboda haka ƙwararru kan taƙaita aikin cikin katsewa ainun, su miƙa ragowar ga manhaja ta ƙarasa daga baya.

Ita kanta darajar, ɗan Adam ne ke tsara ta, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. A ƙwaƙwalwar Cortex-M ƙaramar lamba ce babba, sifiri ya fi ɗaya daraja. A manhajar FreeRTOS kuwa, wadda Richard Barry ya fitar a 2003, aikin da ke da babbar lamba shi ne gaba. Mai tsarawar da ya gauraya ƙa'idojin biyu yana iya ɗora ma'aunin ruwa a kan sanarwar wuta ba da saninsa ba. Ranar da akwatin ya ƙone a wani ƙauye na Isa, mata da yara ne za su koma ɗibar ruwan gulbi har a samo wani daga Sakkwato ko Kano.