Baƙin Allon da Ke Kwaikwayon Na'urar da Ta Mutu

Duk wanda ya taɓa leƙa kwamfutar mai sayar da tikitin jirgin sama, ko ta mai lissafin kaya a babban sito, wataƙila ya ga wani allo baƙi wuluk da korayen haruffa, ba hoto ko ɗaya, linzami ma ba ya aiki. 'Yan'uwanmu mazauna Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa, garin da ya zama ɗaya daga cikin manyan matattarar 'yan Nijar a Amurka, ba baƙi ba ne ga irin wannan allo, domin gari ne na sito-sito da kamfanonin inshora da jigilar kaya. Abin da ke kan allon manhaja ce da ke shigar burtu. Tana yaudarar wata uwar kwamfuta da ke can nesa cewa ita tsohuwar na'ura ce mai suna taminal, wadda aka daina ƙerawa tun da daɗewa. Kuma kusan kowane abin mamaki da ke cikinta gado ne.

A fara da sunan. A Turanci kalmar tana nufin tashar ƙarshe, inda layi ya tuƙe. Ta dace da Greensboro ƙwarai, garin da ake wa laƙabi da Birnin Ƙofa saboda layukan dogo da suka haɗu a cikinsa. Taminal ta asali ba ta da ƙwaƙwalwar kirki: allo ne da maɓallan rubutu a ƙarshen waya. Duk tunanin yana wajen uwar.

Kakar taminal kuwa tafireta ce. Teletype Model 33 ta fito a 1963, tana buga harafi 10 a daƙiƙa a kan takarda, manyan baƙaƙe zalla, da ƙara kamar keken ɗinki ya haɗu da injin markaɗe. Da ita za a aiko maka wannan maƙala, sai ka zauna fiye da minti goma kana kallonta tana fitowa harafi bayan harafi. Kamfanin da ke ƙera ta a Skokie ta jihar Ilinois yana ƙarƙashin Western Electric ne, wanda shi kuma ya yi masana'antu a Winston-Salem da Burlington da ita kanta Greensboro. Har gobe, in ka buɗe Linux ko kwamfutar Apple ka rubuta tty, za ta ba ka amsa. Taƙaitaccen sunan waccan tafireta ke nan.

Tafiyar kamar awa ɗaya a mota gabas da Greensboro, jami'o'i uku suka yi wani adashi a 1965. Duke da Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill da NC State suka ga kowaccensu ba za ta iya sayen ƙatuwar kwamfuta ita kaɗai ba, sai suka haɗa kuɗi suka kafa cibiya guda da ake kira TUCC a Research Triangle Park, suka ajiye IBM System/360. Daga baya aka miƙa wa ƙananan kwalejojin jihar hanyar shiga ta wayar tarho. Ɗalibi zai yi shekaru yana aiki da kwamfutar da bai taɓa gani da idonsa ba. Yau muna ce wa irin wannan aiki gajimare, muna ta rawar kai kamar mu muka fara.

A wannan yanki dai aka haifi Usenet. Tom Truscott da Jim Ellis, ɗaliban Duke, su suka kawo shawarar a 1979, Steve Bellovin na Chapel Hill ya rubuta manhajar farko, kwamfutoci suka riƙa kiran juna ta tarho suna musayar labari.

Me ya sa tagar manhajar ke buɗewa da gurbin harafi 80 a kwance? Saboda katin huji da IBM ta fitar a 1928 layi 80 gare shi. Katin ya tafi, faɗinsa ya zauna.

Idan manhajar ta tambaye ka wace irin taminal za ta kwaikwaya, sunan da za ka fi cin karo da shi VT100 ne, na kamfanin DEC, fitowar 1978. Kamfanin Compaq ya haɗiye DEC a 1998, shi ma HP ya haɗiye shi a 2002, amma sabuwar kwamfutar da aka fito da ita daga kwali jiya har yanzu tana jin yaren VT100. Ka zaɓi nau'in da uwar ba ta yi tsammani ba, sai ka ga allon ya cika da tarkace, maɓallin goge harafi yana zubo maka ^H maimakon ya goge. Ba aljanu ba ne. Rashin fahimta ce tsakanin masu magana biyu.

Akwai wata taminal mai araha, ADM-3A, wadda ba ta da maɓallan kibiya daban. An zana kibiyoyin ne a kan H da J da K da L. A kanta Bill Joy ya rubuta manhajar rubutu ta vi a Berkeley. Dalilin da ya sa ƙwararru ke yawo cikin rubutu da waɗannan haruffa huɗu har yau ke nan, da yawansu ba su san mafari ba.

Dangin IBM su kuma tafiyarsu daban. Taminal 3270, fitowar 1971, ba ta aika harafi ɗaya-ɗaya. Sai ka cika fom ɗin allon gaba ɗaya, ka danna Enter, sannan ta tattara ta aika, kamar direban tasha da ba ya tashi sai mota ta cika. Kafin amsa ta dawo maɓallan a kulle suke, kana ganin alamar X a layin ƙasa. Sabon ma'aikaci ya yi ta bugun maɓalli yana zufa, tsohon hannu kuwa ya kurɓi shayinsa. Wani abin ɗaure kai shi ne allon zai ce ka danna F13 ko F24, alhali maɓallanka a F12 suka tsaya. Galibi Shift ake haɗawa da F1 a sami F13, haka har ƙarshe. A ganina wannan tsohon allo ya fi yawancin shafukan zamani sauri a hannun wanda ya haddace shi. Shi ya sa kamfanoni ke jan ƙafa wajen rabuwa da shi, ba rowa kaɗai ba.

Mu ma a gida muna da ɗan'uwansa a aljihu. Duk wanda ya taɓa danna *737# ya tura kuɗi, ya ga jerin zaɓi ya amsa da lamba, aikin taminal ya yi: wayarsa ba ta lissafa komai ba, ta kai saƙo ne ta dawo da amsa.

9600, 8, N, 1. Masu saita na'urorin Cisco sun haddace wannan kamar lambar wayar gida. Gudun layi ke nan, da yawan bit na kowane harafi, da cewa babu bit na tantancewa, da bit guda na tsayawa. Da wannan saiti harafi 960 ke wucewa a daƙiƙa. Kuskure ɗaya a ciki, na'urar ta yi maka shiru ko ta yi ta sambatu. Ga kuma shuɗiyar wayar nan mai faɗi da ake sokawa, wadda kowane injiniya ke da labarin ranar da ya manta ta a gida.

Umarnin modem kusan duk da AT suke farawa, gadon kamfanin Hayes na jihar Jojiya tun 1981. ATDT da lambar waya, sai ka ji ƙugi da kururuwa, sannan CONNECT. Modem ɗin da muka riƙa sokawa a laftof a Kano da Zariya ma wannan yare yake ji a ciki. Masu kiran kwamfutocin Greensboro daga nesa sun sha gyaran wannan layi, domin lambar yankin ta tashi daga 919 zuwa 910 a 1993, ta sake komawa 336 a 1997. Sauyi biyu cikin shekara huɗu.

Kermit, manhajar da Jami'ar Columbia ta fara a 1981 don haɗa kwamfutocin da ba sa ga maciji da juna, sunan kwaɗon 'yar tsana na shirin Muppets ta ci. Ta yi aiki har a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa.

HyperTerminal ya zo cikin Windows tun daga 95 har XP. Da Vista ta fito aka neme shi aka rasa, mutane suka koma ga PuTTY na Simon Tatham ɗan Birtaniya da Tera Term na Japan, duka kyauta.

Labarin ƙofa ta 22, cikin ƙofofi masu lamba da ake shiga kwamfuta ta cikinsu daga nesa, ya fi burge ni. Telnet, wanda ke nan tun 1969, yana shiga ta ƙofa ta 23, kuma komai a fili yake aikawa, har kalmar sirri, tamkar mai rubuta asirinsa a bayan ambulan. A 1995 aka kama ana satar kalmomin sirri a layin Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, sai wani mai bincike, Tatu Ylönen, ya rubuta SSH, wanda ke lulluɓe komai kafin ya aika. Ya duba ya ga 21 ta FTP ce, 23 ta Telnet, 22 ba mai ita. Ya aika wasiƙar imel guda ga hukumar raba lambobin, washegari aka ba shi. Yau ƙofar nan ce miliyoyin kwamfutoci ke amfani da ita. Su kuma waɗanda suka bar ta 23 a buɗe sun ga sakayya a 2016, lokacin da ƙwayar Mirai ta riƙa gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 na masana'anta a kan kyamarorin tsaro da makamantansu, ta tara runduna, ta hana jama'a da dama shiga Twitter da Netflix a watan Oktoba.

Tarkuna huɗu na jiran sabon shiga. Yana rubuta kalmar sirri bai ga ko tauraro ba, sai ya ɗauka maɓallan sun lalace. Da gangan ne, ya rubuta kawai ya danna Enter. Ya danna Ctrl da C don kwafa, ya kashe aikin da ke gudana. Ya danna Ctrl da S don ajiyewa, allon ya sandare; Ctrl da Q ne makarin. Ctrl da S umarni ne na zamanin da ake ce wa mai aiko rubutu ya dakata takarda ta kama. A PuTTY kuma danna linzami ta dama liƙawa yake yi nan take, ko me ka kwafa, uwar ta ɗauke shi a matsayin umarni. A kiyaye.

Lamba ta 7 a ASCII, jadawalin da ke ba kowane harafi lamba, ba harafi ba ce, ƙararrawa ce. A Teletype ƙarfe ne na gaske ake bugawa don a farkar da ma'aikaci. Ta 127 kuwa, ta gogewa, an kai ta ƙarshe ne saboda a kan zaren takarda mai huji ba a iya toshe rami. In ka yi kuskure sai dai ka huda duka ramuka bakwai, injin ya gane a tsallake.

Sai namu rabon. ASCII gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai da Ken Thompson da Rob Pike suka zana tsarin UTF-8 a 1992, a kan takardar shimfiɗa faranti a wani gidan abinci a New Jersey, sannan haruffanmu suka sami hanya mai sauƙi. A wannan tsari ƙ lamba guda biyu take tafiya. In manhajarka tana kan tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai ta karanta kowane guda daban: baƙo ya koma baÆ™o, ɗa ya zama É—a. Maganin yana cikin saiti, a zaɓi UTF-8. Amma in uwar tsohuwar IBM ce mai jadawalin EBCDIC na Turanci, babu saitin da zai cece ka, gurbin ne babu. Can Ɗanladi Danladi ne, Ƙanƙara Kankara ce, wanda kuma ya rubuta ƙasa sai ya sami kasa, macijiya.