Noman Lambu a Fadamun Anka, Bukkuyum da Gummi

A yammacin Jihar Zamfara, kayan miya suna bin lokutan shekara ne. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kuɓewa da yakuwa da alayyahu da kabewa ke cika kasuwa, tumatir kuwa ya yi tsada, domin yawan ruwa na ruɓar da shi.

Ainihin aikin lambu sai ruwa ya janye daga fadamun Gulbin Zamfara. Daga Nuwamba manoma kan dasa tumatir da albasa da tattasai da attaruhu a laka mai danshi, su riƙa ban ruwa da injin fetur, wanda ya maye gurbin jigo. Sanyin hunturu ne gatan wannan noma: da shi fure ke kamawa, albasa ta yi kai. Shekarar da sanyin ya makara ko ya yi saurin wucewa, furen tumatir kan bushe ya zube tun bai zama ɗa ba.

Bazara ta fi wuya. A Maris da Afrilu gulbi yakan ja baya, sai a haƙa rami cikin yashi a nemo ruwa, kuɗin mai ya ƙaru. Zafin kuma na haɓaka tsutsar Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016. Abin takaici, kaya kan nuna lokaci guda, farashi ya faɗi, dole a yanka tumatir a shanya a yi kauɗa.

Ambaliya ma na taɓa manoman lambu. Wadda ta afka wa Gummi a Agustan 2024 ta lalata gidaje da gonaki, kuma manomin da ya rasa amfanin damina ba ya da jarin sayen iri da taki na rani.